Yadda Kawu ya ƙwace mini hutun bakin teku

Ga ni tsaye a ƙofar gidanmu a Tambuwal, buhun gero biyu da galan na man shanu a gabana, raina a matuƙar ɓace.

Tun da na kammala digiri na ƙudurta zuwa bakin teku a Legas domin in huta. Na tsara kasafi mai matakai uku. Na ƙasaita shi ne jirgin sama da otal mai fuskantar ruwa. Matsakaici motar haya ce da ɗaki mai fanka. Na tsimi kuwa kwana biyu ne da abincin bakin titi. Na zaɓi matsakaici, sannan na tafka kuskuren neman albarkar Kawu.

"Wanga duk almubazzaranci na," in ji shi. "Ga tsari na fuɗu. Ka bi tirelar shanu kyauta, ka sauka wajen ƙanena a kara, kasuwar shanu ta Legas."

"Kawu, hutu na ce, ba fatauci ba."

"Hutun mi, kai da ba ka yi noma ba bana? Na ma shaida ma mutane a masallaci, mai saƙo ya kawo."

Kafin La'asar saƙonni sun iso har daga Jabo, kowanne da unguwar da zan kai shi. Rabon kayan nan kaɗai zai lashe kwanakina gaba ɗaya. In na ƙi, a ce boko ya raba ni da zumunci. Wannan tsagwaron danniya ce! Gobe tirela za ta tashi, da ni da shanu da gero.

Ku faɗa mini gaskiya, jama'a: a garuruwanmu akwai wanda ya taɓa yin tafiya domin kansa kawai?