Burodi Biyu a Hannun Kofur

Gari bai gama wayewa ba, Kofur yana tsaye a gefen tanda yana fitar da burodi daga gwangwani. Kowa a gidan burodin nan kife gwangwani yake yi ya buga a kan tebur, burodi ya faɗo. Shi ba ya bugawa. Wuƙa ce da shi mai faɗi, sai ya zagaya da ita gefe-gefe, ya karkato gwangwanin a hankali kamar mai sauke jariri daga goyo. Aikin yana cin lokaci, amma bai taɓa fasa ɓawon burodi ba, shi ya sa Maigida, mai gidan burodin, ya zuba masa ido.

Mu sauran ma'aikata kuwa mun saba da wata ƙa'ida da ba wanda ya zauna ya kafa ta. Duk mai son buga gwangwani sai ya ce, "Kofur, zan buga." Shi kuma ya ce, "Buga." In wani ya manta, sai a ga kafaɗun Kofur sun haɗe da kunnuwansa, idonsa yana neman ƙofa, riƙon wuƙar ya tashi daga na mai burodi ya koma na soja. Mai Tanda, wani tsoho mai baki kamar reza, yakan ce duk duniya nan ne kaɗai ake neman izini kafin a daki gwangwani. Amma shi ne kan fara zagin wanda ya manta.

Kofur ya yi shekaru a soja, an kai shi inda aka kai shi, ya ga abin da ya gani. Ba ya ba da labari, kuma an daina tambayarsa. Ya dawo da ƙafa biyu da hannu biyu, saboda haka dangi suka ce a gode wa Allah, lafiyarsa ƙalau. Matarsa ce kaɗai ta san cewa mutumin da ya dawo ba ya zama sai bayansa na jikin bango, ba ya cin abinci sai yana kallon ƙofa, kuma barcinsa na zomo ne, da an taɓa ƙyaure ya miƙe. Ta yi haƙuri da wannan duka. Tana ɗinki a gida, ta koyi taka keke a hankali in yana kwance.

'Yarsu ɗaya, suna kiranta Tsuntsuwa saboda surutu. Wata rana da la'asar tana durƙushe a tsakar gida tana aikin makaranta, tayar wata babbar mota ta fashe a bakin titi. Kofur bai san lokacin da ya tashi ba. Ya dai tsinci kansa kwance a kan yarinyar, ya danne ta da ƙirjinsa, tafinsa a kan bakinta, yana raɗa mata ta yi shiru kada su ji. Sai da uwar ta yi ta dukan bayansa da marfin tukunya sannan ya saki. Hannun Tsuntsuwa ya karye a ƙasan gwiwa.

Yayan matarsa ya zo washegari ya ɗauki yarinyar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi bai riƙe Kofur da mugunta ba, ya san kare ta ya yi niyya, amma wanda ya karya hannu yau gobe ba a san abin da zai karya ba. Yarinya za ta zauna wurinsa har ranar da likita ya duba ubanta ya ɗora shi a kan magani. Kofur bai yi musu ba. Shi da kansa ya ɗauko jakar makarantarta ya miƙa.

Daga nan aka shiga zarya. Asibitin sojoji yana da likitan ƙwaƙwalwa guda ɗaya, yana zama rana ɗaya a mako, in ya zauna ke nan. Kofur ya je, aka ce likita yana taro. Ya koma, aka ce ya yi tafiya. Ya sake komawa, layi ya kai har bakin matakala, aka tashi ba a zo kansa ba. A bencin jira ya ga irinsa da yawa, kowa ya manne da bango, ba mai kallon wani. A rediyon gidan burodi kuwa manya ba sa gajiya da cewa ba za a taɓa mantawa da waɗanda suka ba da jininsu ba. Mai Tanda yakan miƙa hannu ya murɗe rediyon, ya ce gara a ji ƙarar injin kwaɓi, shi dai in ya yi ƙara ana ganin ƙullu.

A ƙarshe aka ba shi rana tabbatacciya. Kofur ya shirya mata kamar mai zuwa fareti. Ya yi aski, ya goge riga da wando har karin guga yana iya yanka yatsa, ya ciro tsofaffin takalmansa na soja ya goge su sai ƙyalli. Matarsa ta raka shi. A hanya ta yi ta bita masa abin da zai faɗa: mafarkin, gumin, ƙarar da yake ji ba kowa, hannun yarinya. Ya ce ya riƙe. A ƙofar likita aka ce mara lafiya kaɗai ke shiga, ita ta jira a benci.

Ya tura ƙofa ya shiga, sai ya ga kaki. Likitan soja ne, manjo, da alamar muƙami a kafaɗa. Kafin Kofur ya yi wani tunani, dugadugansa sun haɗu, ƙirji ya fito, hannu ya tashi ya sara. Likitan matashi ne, idonsa ja don gajiya. Ya ce wa Kofur ya zauna. Kofur ya ɗosana a bakin kujera, baya a miƙe, tafuka a kan gwiwa. Likita ya tambayi barci, ya ce lafiya lau, yallaɓai. Ya tambayi mafarki, ya ce babu, yallaɓai. Ya tambayi gida, ya ce kowa lafiya. Likitan ya ajiye biro ya dube shi, ya ce to me ya kawo shi, yana da wani ƙorafi?

Wannan tambaya Kofur ya san ta. Shekara da shekaru hafsa yakan bi layi yana yin ta, kuma duk sojan da ya san ciwon kansa amsa ɗaya yake bayarwa, ko da ƙafarsa tana ruɓewa a cikin takalmi. Yana jin maganar matarsa a maƙogwaronsa, yana jin kukan Tsuntsuwa a ƙarƙashin ƙirjinsa, amma bakinsa ya ce, "Babu ƙorafi, yallaɓai."

Likitan ya sake gwadawa ta wata hanya, ya sami amsa iri ɗaya. Ana ta ƙwanƙwasa ƙofa daga waje. Ya ce to, in wani abu ya taso ya dawo.

Matarsa ko gyara zama ba ta gama yi ba ta gan shi ya fito.

"Har an gama?"

"Ya ce lafiyata ƙalau."

Ta dube shi tun daga askin har takalman. "Shi ya ce, ko kai ka ce?"

Ya juya ya nufi ƙofar fita. Da suka koma gida ranar, ta taka keken ɗinki da ƙarfinta duka, yana kwance yana ji.

Da suka je gidan Yaya a ƙarshen mako, an riga an kwance wa Tsuntsuwa ɗauri. Ta fito da gudu, ta tsaya cak a bakin ƙofar falo, ta gaishe shi daga can. Ta tambaya ko likita ya yi masa allura, ko ya yi kuka. Ya yi dariya ya miƙa hannu zai shafa kanta, sai ta ɗan janye kafaɗa. Kaɗan ne, amma ya gani, Yaya ma ya gani. Yaya ya tambayi maganin da aka ba shi. Da ya ji yadda aka yi, ya ce shi ba gaisuwar likita ya ce a je a yi ba, magana tana nan inda ya ajiye ta.

A gidan burodi Mai Tanda bai raga masa ba. Ya ce wato duk wannan zaryar, duk safiyar da suka rufa masa aiki, don ya je ya sara wa mutum ya dawo ne? Ai da ya faɗa, da sun sa Maigida ya tsaya a bakin ƙofa ya yi ta sara masa kyauta. Kofur ya ajiye wuƙa. Ya juyo ya fuskanci tsohon.

"Baba, wallahi ban ɗaga shi ba. Hannun ne ya tashi da kansa. Da ya tashi kuma, bakin ya bi shi."

"To a ɗaure shi mana," in ji tsohon, ya juya ya buɗe tanda.

Aka yi dariya, ban da Kofur.

Sake samun rana ya ɗauki wata da watanni, don wanda aka sallama da lafiya bayan layi yake komawa. Ya bi layin. Ranar da aka ba shi, ya zo aiki da asuba kamar kullum, ya fitar da burodinsa. Da rana ta fito bai tafi gida ya yi wanka ba, bai sauya kaya ba. Rigar aiki ce a jikinsa, fulawa har gira, silifa a ƙafa. Matarsa tana jiransa a bakin titi, ta ɗaura gyale a ƙugu, ta ce yau ko jan ta za a yi a ƙasa sai ta shiga ɗakin nan. Ya ce mata in ta ji ya ce lafiya lau, ta ce ƙarya yake yi, a gaban ko wane ne.

Sannan ya dawo ciki ya ɗauki burodi biyu manya masu zafi, ɗaya a kowane hannu. Mai Tanda ya tambaya ko likitan zai kai wa. Ya ce a'a, riƙewa zai yi, ya ga ta inda hannun zai tashi ya sara.

Ina tsaye a ƙofa da buhun fulawa a kafaɗa lokacin da motar haya ta tsaya. Ba wanda ya san ko likitan zai zauna ranar. Kwandasta ya ce ya miƙo burodin a riƙe masa ya kama ƙarfe, matarsa ma ta miƙa hannu. Kofur ya girgiza kai. Ya dafa ƙofar motar da gwiwar hannu, ya cusa kafaɗa, ya hau da burodinsa a hannu biyu.