Na'urar Kallon Wata a Shingen 'Yan Sa-kai

"Sauke abin da ke kafaɗarka, a hankali!"

Haka wani dattijon ɗan sa-kai ya daka mani tsawa jiya da la'asar a hanyar Kurfi, bakin bindigarsa na kallon ƙirjina. Daga Dutsin-Ma na taso da doguwar na'urar hangen nesa a buhu, wadda na saya don koyon ɗaukar hoton wata.

Na ce, "Wallahi Baba, ta kallon wata ce."

Ya daɗe yana leƙa gilashinta. "Yaro, da magariba ce, da ban tsaya tambayarka ba."

Yau na canzo gajera mai shiga jaka. Masu sani, tana ɗauko wata da kyau? Ko ba ta yi, ita zan riƙe.