Ɗan Majalisar da Ya Cinye Mini Asabar

Laifina ne, na yarda. Da malamar tarihi ta ce kowa ya zaɓi ɗan majalisar Amurka ɗaya na ƙarni na sha tara ya rubuta tarihin siyasarsa, sai na ɗauko wanda bayaninsa ya fi na kowa gajarta. An haife shi, ya yi aikin lauya, ya je majalisa, ya sauya jam'iyya, ya mutu. Na ce kafin shayi ya huce na gama da wannan. Sai bakina ya kai ni na faɗa a gaban Baba muna cin tuwo.

Baba direban tasi ne a Washington, kuma da siyasa yake karyawa, da ita yake kwana. Yana jin an ce sauya jam'iyya ya tsame hannu daga kwano.

"Ashe sauya sheƙa tun can ake yin ta! Ina gidansa yake?"

Gidan na Alexandria, kusa da Washington, an mai da shi ɗan wurin tarihi, ranar Asabar kaɗai ake buɗewa. Asabar ɗin kuma da ƙarfe biyu ake gwajin shiga ƙungiyar ƙwallon makarantarmu. Wanda bai je ba sai baɗi.

"Baba, duk yana intanet fa."

"Ba ka taka ƙofar gidan mutum ba za ka rubuta labarinsa? Minti goma ne, malam ɗan wasa."

Sha ɗaya muka isa. Wata tsohuwar Baturiya mai kula da gidan ta buɗe mana, tana murna kamar tun rasuwar maigidan ba wanda ya leƙo. Baba ya gaishe ta irin gaisuwar gida amma da Turanci: ya aiki, ya iyali, ya jiki, ya gajiya. A wurinmu "lafiya lau" ake cewa a wuce. Ita ba ta san haka ba. Kowace tambaya sai da ta amsa ta tun daga tushe: gwiwarta, jikarta, kyanwarta mai ciwon suga. Gaisuwa kaɗai ta ci kusan awa.

Sannan ta shigar da mu ɗakin karatunsa, wani ɗan akurki mai warin tsohuwar takarda, ta tsaya a bakin ƙofa. Tagar ma a kafe take da ƙusa, na duba. Ta ce mutanensa sun tura shi majalisa ya samo musu hanyar jirgin ƙasa, jam'iyyarsa ta ƙi, ya yi fushi ya koma wata, aka kayar da shi, daga baya ya sake dawowa.

"To, hanyar fa? Ya kawo ko bai kawo ba?" in ji Baba.

Idonta ya yi haske. Ta jawo akwatin wasiƙu.

Na yi tari, ta ba ni alewa. Na raɗa wa Baba da Hausa, "Ɗaya da rabi fa."

"Babba na magana."

Ta tambaya me na ce. Baba, ko kunyar idona bai ji ba, ya ce, "Yaron yana son tarihi sosai."

Saboda haka ni ta miƙa wa wasiƙun in karanta da ƙarfi. Rubutun mutumin kamar kaza ta bi ta kan tawada. Ina ta kokawa da shi, hotonsa na bango na hararata da gemu har ƙirji. Na ji ni ma nawa gemun ya fara fitowa.

Bayan nan muka yi azahar a bayan gida, ta kuma fito da biskit ɗin da ta gasa da hannunta. Baba ya ce ba a tashi a bar abincin tsohuwa.

Uku da rabi muka isa fili, koci na kwashe ƙwallaye cikin raga. Ya dubi takalmana masu tsabta, ya ce in dawo baɗi.