Ni Ne Na Sa Dutsen a Ruwa, Ba Malam Hamisu Ba

Ina tsaka da yankan gilashin taga da safen nan waya ta yi ƙara. Ƙanen abokin aikina ne. Ya ce, "Bashir, Malam Hamisu ya cika."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Zazzaɓi ne na kwana biyu. Mun kai shi makwancinsa a Kusada kafin sallar Juma'a. Yanzu na dawo Kankia, amma akwai maganar da dole in faɗa yau, don na riga na makara da ita.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mutumin da ake wa laƙabi da Mai Manna Duwatsu. Ya daɗe a Legas yana aiki a shagon masu sayar da kifin ado, irin na ruwan teku. Can ya koyi haɗa duwatsu da gam, ya fitar da kogo da gada da lungu, kamar yadda suke a ƙarƙashin teku. Da ya dawo gida babu teku babu murjani, sai ya ce duwatsunmu ma ba su da laifi.

Mutane sun yi masa dariya sosai. Ni ma na yi, har ranar da ya shigo shagona ya ce in yanka masa akwatin gilashi. Tun daga nan muka zama abokan aiki, ni gilashi, shi dutse.

Makiyayan wajen Rimaye sun san shi. In suka ga dutse mai ramuka a wurin kiwo sai su ɗauko masa. Zai wanke shi, ya ɗiga masa lemun tsami. Wanda ya yi kumfa ya jefar, wai zai ɓata wa kifi ruwa.

Yatsunsa kullum fari fat da busasshen gam. An taɓa kai ruwa rana da shi wajen yin katin shaida, na'ura ta ƙi karanta yatsansa. Ya dawo yana dariya yana cewa, "Ko inji ya san ni ba mutumin banza ba ne."

Ranar da gilashi ya tsarge min tafin hannu, shi ya naɗe min da hularsa, ya goya ni a babur zuwa asibiti. Sati biyu yana zuwa daga Kusada yana buɗe min shago.

Ga yadda yake aiki. Zai ɗiga sufa gulu a mahaɗar duwatsu biyu, ya barbaɗa yashi mai laushi, su kama nan take. Wannan riƙo ne kawai. Sai ya bi bayan mahaɗar da wani gam mai kauri, wanda sai ya kwana uku kafin ya yi ƙarfi. In ya gama, ya ɗauki alli ya rubuta ranar da zai gama bushewa a gindin dutsen. Kafin ranar nan ko sarkin garinku ne kai ba za ka taɓa ba.

Yakan ce min, "Bashiru, ido na ganin ya kama, amma ciki ɗanye ne. Ka bar shi hwa."

To, ga abin da na yi.

Wata bakwai da suka wuce wani Alhaji a Katsina ya ba mu aiki mafi girma da muka taɓa samu. Akwati ne mai tsawon ƙofa, za a sa a falon sabon gidansa. Walimar tarewa ranar Asabar. Allin Malam kuwa ya ce Litinin.

Malam ya faɗa wa Alhaji gaskiya, ya ce a yi walima babu kifi. Alhaji ya kira ni a gefe, ya ce yana da gidaje uku da ke jiran tagogi, in har na sa aka ga kifi ranar walima. Kwaɗayi ya ja ni.

Ranar Asabar da safe na san Malam ya tafi ɗauko duwatsu. Na je gidansa, na ce wa iyalinsa shi ya aiko ni. Na sa babban yatsana na goge allin. Na ɗora dutsen a mota, na kai Katsina, na zaunar da shi, na cika ruwa, na saki kifi.

Ya yi kyau, wallahi. Baƙi sai ɗaukar hoto suke.

Kafin la'asar gadar sama ta saki. Ta daki gilashin gaba, ya tsage daga sama har ƙasa. Ruwa ya malale kan sabon kafet, kifaye na tsalle a ƙafafun mutane.

Aka kira Malam ya zo. Alhaji ya wanke shi tas a gaban jama'a, ya ce ɗan damfara ne, ya manna duwatsu da miyau ya kira shi sana'a. Ina tsaye a wurin.

Malam ya durƙusa, ya ɗauki guntun dutsen, ya danna farcensa a mahaɗar. Farcen ya nutse. Ya juya gindin, ya ga inda aka goge allin. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya.

Sai ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Aikina ne."

Ni kuwa na yi gum da bakina.

Na samu aikin tagogin. Shi kuwa labari ya zaga, daga ranar ba wanda ya ƙara ba shi aiki. Wasu daga cikinku da ke karanta wannan kun yi masa ba'a a kai, kuma ina ji ina shiru. In na hango shi a kasuwa sai in sauya layi. Kunya ce ta hana ni, da kuma rashin zuciya.

Satin da ya wuce sai ga shi a ƙofar shagona, da ƙullin fura a leda. Ya rame. Ya zauna a bencin da ya saba zama kamar jiya muka rabu.

Na buɗe baki na ce, "Malam, maganar Katsina…"

Ya ɗaga hannu. "Mi ya kawo Katsina nan? Sha hurarka. Wani dutsen nike haɗawa, ba na kowa ba ne, namu ne ni da kai. Shagonka za mu aje shi mutane su gani. Ka taho ka auna, ka yanka mai gilashi."

Na ce zan zo Litinin. Litinin ta zo na ce gobe. Ina ta tsara kalmomin da zan ba shi haƙuri da su, kamar ina da lokaci a aljihu.

Yau bayan mun dawo daga maƙabarta ƙanensa ya ja ni zaure, ya yaye wani buhu. Ga shi nan, kogo biyu da gada a sama, ya fi na Katsina kyau nesa ba kusa ba. Ranar Laraba ya gama shi, da zazzaɓin a jikinsa. A gindi ya rubuta da alli: Asabar. A ƙasa kuma ya ƙara: Bashiru.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Na faɗa wa iyalinsa komai, na roƙe su gafara. Yanzu ina faɗa muku. Aikin Malam Hamisu bai taɓa rushewa ba. Ni na goge allin, ni na sa dutsen a ruwa, ni na bari aka ci mutuncinsa. Duk wanda ya ji wancan labarin, don Allah ya kai masa wannan.

Na fito da tef na auna, kamar yadda ya ce. Amma ko motsa dutsen ban yi ba. Allinsa ya ce Asabar, yau kuwa Juma'a.

Ya Allah, Hamisu ya rufa min asiri a gaban mutane, Ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya masa, Ka ba iyalinsa haƙuri.

Wanda ya karanta har nan, ya yi masa addu'a da sunansa. In akwai saura, ku sa ni a ciki.