Jarirai Biyu a Daro Ɗaya

Bayan samun mulkin kai da ƴan shekaru na yi aiki a ɗakin haihuwa na wani ƙaramin asibiti tsakanin Funtua da Malumfashi. Firamare kawai na yi, don haka aikina shara, dafa ruwa da wankan jarirai.

Wata safiya a lokacin cirar auduga mata biyu suka haihu kusan tare, duka maza. Ɗaya Bafulatana ce fara sol daga wajen Musawa. Ɗayar matar wani makanike ce da ke gyaran injin gurzar auduga a Funtua. Indiyawa muke ce musu, ko da yake daga tsibirin Silon suka zo. Ita da mijinta duk sun fi ni duhun fata. Ruwan zafi bai isa ba ranar, sai na yi wa jariran wanka a daro ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, na kwance zaren shaida da ke hannunsu don kada ya jiƙe. Na mayar, na miƙa wa kowacce nata.

Bayan wata biyu matar makaniken ta kawo ɗanta awo. Ina buɗe zani na ƙura masa ido. Yaron fari ne, gashinsa ja-ja, idanunsa kamar na mage. Jariri kan yi duhu in ya kwana biyu, wannan kuwa ƙara haske ya yi. Na yi ta lissafi a raina: wanne na fara ɗauka, wane zare na fara ɗaurawa? Ko a sallah sai in ga darona. In na yi shiru, ɗan wata yana hannun wata har abada. In na faɗa, na san aikina ya ƙare.

Ranar Lahadi da hantsi na hau mota zuwa Funtua. A tsakar gidan makaniken na durƙusa na faɗi komai, rabi da Hausa rabi da ɗan Turancina. Maigidan yana jin Hausa. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Malama, tun daga can kika biya kuɗin mota don wannan? Tashi ki gaida tsohuwata."

Wata tsohuwa ta fito da faifan shinkafa a hannu. Fara ce, idanunta irin na yaron sak. Ta zo daga ƙasarsu ne don jegon surukarta.

Ya ba ni kujera ya yi mini bayani. Shekaru ɗaruruwa da suka wuce Turawan Fotugal sun sauka tsibirinsu da jiragen ruwa, neman kayan ƙamshi. Wasu ba su koma ba, suka auri matan ƙasar, ƴan ƙabilun Sinhala da Tamil. Jikokinsu suka zama jama'a guda, Kiristoci, yawancinsu maƙera, kafintoci da teloli, suna da nasu harshen da ya samo tushe daga na Fotugal, wanda tsofaffi ne suka fi riƙe shi.

"A gidanmu ba a san kalar ɗa sai ya fito," in ji shi. "Mu shida uwar nan ta haifa, in muka jeru sai ki ce daga kasuwa aka tsinto mu."

Ya fassara wa matan abin da ya kawo ni. Tsohuwar ta yi dariya har ta zubar da shinkafa. Matarsa ba ta yi dariya ba. Ta ce ta bakin mijinta, tun da aka ɗauki ɗanta zuwa daro idonta na kansa har aka dawo da shi. Ta miƙo mini shi, na kai shi kusa da fuskar kakarsa, na duba iya son raina.

Duk da haka, ranar kasuwar Bakori sai da na bi rumfar masu nono ina cigiyar Bafulatanar. Wata da ta san rugarsu ta ce yaron lafiya lau, har kunnuwan ubansa ya kwaso, ana ta yi masa tsiya.