Dutsen Rafi a Falon Binta

Ni dai ban yi boko ba. Aji biyu na yi, shi ma rabinsa a kan mangwaron hedimasta na yi shi. Abin da na iya a duniya gini ne, sai surutu, shi kuwa surutun gadonsa na yi wajen kakata, Iya Tabawa.

In an sauke tuwon dare, Iya ba ta bari a kashe murhu. Sai ta jawo 'yar kujerarta, ta tura gyaɗa cikin toka, mu kewaye ta. Duk wanda ya yi gyangyaɗi, rabonsa ya zama nawa, shi ya sa nake yi wa ƙannena waƙar barci ƙasa-ƙasa.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta dutsen rafi ce. Wata mata ce dutsen murhunta ɗaya ya ɓace, ga baƙi a hanya. Ta ruga rafi ta ɗauko wani sumul kamar ƙwai. Dutsen ya ce, "Baiwar Allah, cikina duk ruwa ne. Ajiye ni gefen wuta in saba tukuna." Matar ta ce ita ba ta da lokacin lallashin dutse. Ta girke shi, ta hura wuta. Kafin ruwa ya tafasa, fau! Dutse ya tarwatse, tukunya ta kife, baƙi suka kwana da yunwa.

"To, kai mai kunnen ƙashi," Iya ta nuna ni da muciya, "me dutsen ya roƙa?"

"Gyaɗa."

Sai ranƙwashi.

Bana 'yata Binta, likita ce a Birmingham, ta kawo ni gidanta na unguwar Sparkhill a duba min gwiwa. 'Yarta ɗaya, Hanan, ba ta fi shekara bakwai ba, Hausarta kuwa ba ta wuce "sannu" ba. Ranar da na sauka na tsare ta: "Durƙusa ki gaishe ni. Ba haka ba. Sake!" Yarinya ta fashe da kuka ta haye sama. Tun daga nan, in na shigo falo ta fice. Ga shi sanyi na wucewa zan koma Kano. Wato haka zan tafi, jikata ba ta taɓa zama kusa da ni ba?

A bangon falon akwai tsohon ramin hayaƙi da aka toshe da katako. Na ce wa surukina Kabiru ya sayo min duwatsu da yashi da siminti, in gina murhu a wurin.

"Baba, gwiwarka fa? GP, likitanka, ya ce ka huta," in ji Kabiru.

"Da gwiwa ake gini?"

Ashe da ita ake yi. Ina nishi ina jera manya a ƙasa, ƙanana a sama, ina juya kowane dutse har ya sami gefen da zai zauna da ɗan'uwansa. Ina jin Hanan a matakala tana leƙe. Na kama bakina, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

Da na gama na ce a kawo itace. Binta ta kwashe da dariya. "Baba, council, hukumar gari, ba sa yarda da hayaƙi a nan. Electric za mu sa."

Aka kawo wata wutar ƙarya mai rimot, ba toka, ba ƙauri. Da Iya ta gan ta, da ta tofa mata. Gyaɗa ma soyayya na sayo a Stratford Road.

Kullum bayan magariba sai in zauna ina ba wa wutar rimot labarin dutsen rafi, ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Daga matakala Hanan ta dawo bakin ƙofa. Wata rana sai ga ta a gefen kafet. Da na zo wajen "fau!" ta ƙyalƙyale, wannan ba ya buƙatar tafinta. Ta juya ta yi wa uwarta Turanci.

"Wai tambaya take, me dutsen ya ce yana so?" in ji Binta.

"Gyaɗa," na ce, na tura mata farantin.

Duk rayuwata na ɗauka Iya gini take koya min, don kuwa ban taɓa sa dutsen rafi a murhun kowa ba. Sai da na tsufa, a ƙasar da ba a hura wuta, na ji abin da dutsen ya roƙa.

Hanan ta ɗebi gyaɗa, ta matso, ta jingina da gwiwar nan mai ciwo. Ban janye ba.