Injiniya, Ɗari da Biyar Ba Zazzaɓi Ba Ne

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. A safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, wajen ƙarfe goma, Allah Ya karɓi ran Injiniya, babban bakaniken layinmu, bayan ya yi kwana tara a gadon asibiti ɓarin jikinsa na dama a shanye. An yi masa sallah bayan azahar. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya biyar, da gareji mai rami biyu wanda har yau ba a sake ɗaga ƙofarsa ba.

Ni mai sayar da kayan gyaran mota ne. Shekara ashirin da shida shagona yana kallon garejinsa, titi ne kawai a tsakaninmu. Karatuna bai yi nisa ba, ya dai isa in karanta lambar kaya a jikin kwali, in rubuta wasiƙa ba tare da an yi mini dariya ba. An ce mini a ta'aziyya alheri ake faɗa sannan a yi shiru. Alherin zan faɗe shi, Yaya Injiniya, don yana da yawa. Shirun ne ban yi wa kowa alkawari ba.

Ban taɓa ganin mutumin da ya kashe mini ciniki irinka ba. Na tuna wata malamar makaranta da ta zo a rikice, an gaya mata famfon mai ya mutu. Har na sauko da sabo daga kanta ina share masa ƙura. Kai kuwa ka ɗauki doguwar sukudirebar nan taka, ka ɗora bakinta a kan inji, ka kara kunne a gindinta kamar mai sauraron gulma a bayan ƙofa. Ka sunkuya ka ɗaure wata 'yar waya da ta kwance, ka ce mata ta tafi kada ɗalibai su jira. Na ƙetaro na ce, "Yaya, wai so kake 'ya'yana su ci kwali?" Ka ce, "Su ci naka surutun, ya fi kwali auki."

Akwai kuma wadda ban taɓa gaya wa kowa ba, yau zan faɗa tunda kai ka rufa ta har kabari. Ina sabon shiga kasuwa na aiko maka da takalmin birki na jabu a cikin kwalin na gaske. Ba ka yi ihu ba, ba ka tara mini jama'a ba. Ka sako shi a aljihu, ka jira shagon ya watse, ka ajiye mini a ƙarƙashin kanta ka ce, "Ƙanena, wannan ran mutum ne ke takawa a kai." Daga ranar ban sake ba. Duk wanda ya sayi birki a hannuna ya isa gida lafiya, kai zai yi wa addu'a, ba ni ba.

Yanzu bari in zo kan jar motar.

Ita ce irin mai kujera biyu, mai ja da ciki a ƙasa, wadda ko tudun rage gudu sai ta hau shi a karkace kamar kaguwa. Mai ita wani ne da muke kira Ɗan Gata, ɗan wani babban ɗan kwangila, ya haura talatin amma har yanzu da sunan babansa yake buɗe ƙofa. Ya zo yana huci, wai motarsa tana zafi: in ya tsaya a cunkoso allura tana kai digiri ɗari da biyar, in ya kashe ta fanka ba ta daina ƙugi. Rabin yini ka yi a kanta. Ka jona mata kwamfuta, ka duba lagireto, ka ciro tamosta, wato ɗan murfin nan mai sifirin da ke tsare ruwa har sai inji ya ɗumama, ka jefa shi a tafasasshen ruwa ka ga ya buɗe daidai lokacinsa, ka mayar. Man inji kawai ka canja mata, kuma a shagona aka ɗauko shi, galan a rufe da hatiminsa.

Ina tsaye ka ce masa, "Ranka ya daɗe, lafiyarta ƙalau. Wannan ba motar kai yara makaranta ba ce, da zafi aka ƙera ta ta yi aiki. Ruwanta daga casa'in zuwa ɗari da biyar daidai ne, man ma yakan haura ɗari da goma in ka matsa mata. Abin tsoro shi ne ka taka ta tana sanyi. Da safe ka bari mai ya kai tamanin kafin ka ba ta wuta."

Ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Baba, in ba ka iya ba ka ce ba ka iya ba."

Ka yi murmushi ka miƙa masa makulli.

Bayan sati biyu sai ga shi ya biyo ta layin yana danna oda, ya tsaya ya kira ka ka leƙa: allura na kwance a sittin. Ya ce wai ita ta gyara kanta. Ba ka kalli allurar ba ma, bayan motar ka zagaya ka shaƙi hayaƙin. Ka ce, "An taɓa motar nan. An cire mata tamosta. Yanzu kwamfutarta ta ɗauka kullum safiya ce, sai ɗura fetur take, fetur ɗin zai sauka ya tsinka mai. Don Allah kawo ta in mayar, ko kyauta ne." Ya ɗaga gilashi yana dariya. Hannunka na kan ƙofar ya ja motar.

Wata uku ta yi. Ya take ta a babbar hanya, inji ya buga. Da aka kwance mai sai ga shi tsararo kamar ruwan shayi, yana warin fetur. Nan take Ɗan Gata ya samu labarin da zai ba babansa: tsohon bakanike ya zuba masa jabun mai.

Da tsakar rana suka zo, shi da 'yan sanda uku. Kana cikin rami suka jawo ka, hannunka duk giris, hularka ta faɗa cikin baƙin mai. Ya kira ka ɓarawo a gaban masu motoci, a gaban mai shayi, a gaban duk wanda ya taɓa gaishe ka da girma. Ya rantse babu wanda ya taɓa motar sai kai. Kai kuma abu ɗaya kake ta maimaitawa: "Ku buɗe ku duba tamosta. Ku buɗe ku duba." Ba wanda ya buɗe. Kwana biyu ka yi a tsare kafin ƙungiyarmu ta masu sana'ar mota ta fito da kai.

Ba tsarewar ce ta kashe ka ba, Yaya, na sani. Abin da ka tarar ne. Mutanen da ka yi shekaru kana ceton motocinsu suka riƙa zuwa suna janye su, kowa da uzurinsa, ba mai haɗa ido da kai. Ka dawo kana zama a benci kana goge sifanun da ba su yi datti ba. Rana ta goma kana miƙa hannu za ka ɗauki kofin ruwa, hannun ya ƙi zuwa. Likita ya ce hawan jini. To, mun ji. Amma mun san wanda ya hau da shi.

Allah ba Ya barci. Kwana uku da binne ka, maƙwabcina mai sayar da kayan da aka kwance daga tsofaffin motoci ya shigo da wani tamosta a hannu, ya ce in karanta masa lambar don bai taɓa ganin irinsa ba. Ina juya shi na ga ɗigon fenti rawaya a gefe. Duk layin nan an san kai kaɗai ke ɗiga wa abin da ka gwada fenti rawaya. Kuma irin motar nan ɗaya ce tak a garin. Na ce wa ya kawo? Ya ce Cire-Cire.

Ga wanda bai san shi ba, Cire-Cire bakanike ne a ƙarshen layi wanda bai taɓa gyara abu ba sai dai ya cire. Fitilar gargaɗi ta kama, ya cire ƙwan. Mota ta yi zafi, ya cire tamosta, ya ɗaure fanka kai tsaye, ya ɗura ruwan famfo. Abin da ya cire kuma ya tara a buhu ya kawo kasuwa.

Ban yi masa faɗa ba, ni ɗan kasuwa ne. Na aika aka kira shi, na sa aka haɗa masa shayi mai kauri, na ce, "Maigida, irin wannan kaya mai kyau ina kake samo shi? Ina son ƙari." Ya gyara zama ya buɗe baki. Ya ce ai daga jar motar ne, Turawa sun yi ta don ƙasar ƙanƙara, shi ya daidaita ta da ƙasar zafi, har Ɗan Gata ya tsaya a kansa yana riƙe masa fitila yana sa masa albarka. Mu shida ne a shagon, har da shugaban ƙungiya a bayan kanta. Sai da ya ga ba mai dariya sannan ya gane ya tona wa kansa asiri.

Daga ranar ko ƙusa ba mai sayar wa Cire-Cire a kasuwar nan. Ya je ya cire abin da zai ci.

Shi kuwa Ɗan Gata inji yake nema. Irin wannan inji ba a tsintarsa a kanta, sai an yi odarsa, kuma duk wanda ya tambaya ƙarshe ni zai kira, don ni na san hanyar. Ya turo direbansa, na ce kaya sun yi wuya. Ya turo kawunsa da babbar riga da zancen a yi haƙuri, na ba shi kujera, na ba shi ruwa, na ba shi saƙo. Na ce sai Ɗan Gata ya zo da ƙafarsa, da tsakar rana, ya tsaya a bakin ramin da aka jawo ka, a gaban mutanen da suka ji ya ce ɓarawo, ya faɗa da ƙarfin da ya faɗi wancan cewa ƙarya ya yi, Injiniya ne mai gaskiya. Ranar zan ɗaga waya. In bai zo ba, motar ta zauna ƙarƙashin tamfol har ɓeraye su yi jikoki a kujerunta.

Matarka, baiwar Allah, ta kira ni ta ce, "Ƙanen miji, a bar wa Allah." Na ce mata na bar wa Allah shi kansa mutumin, don hisabin rai ya fi ƙarfina. Motar ce dai ta faɗo ɓangarena.

Ya Allah Ka jiƙan bawanka. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya wulaƙancin da ya sha ya zama kaffara, Ka haɗa shi da mutanen kirki a Aljanna. Ka saka masa a kan wanda ya zalunce shi, sakayyar da za mu gani da idonmu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, da ƙannensa, da ƙungiyarmu baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙuri. Ku kuma 'ya'yansa biyar, na ji an ce ƙaramarku ta daina zuwa makaranta saboda abin da ake ce mata a aji. Gobe ki sa kayanki ki tafi, 'yata. Duk wanda ya buɗe baki, ki ce masa ya zo shagona, shagon baffanki, ya ga tamostan nan mai ɗigon rawaya da idonsa. Babanku bai kashe motar kowa ba.